Gyaɗa a Ƙasar Hausa: Tarihin Cinikinta da na Gyaran Irinta

Gabatarwa

A shekarar 1973, lokacin da Nijeriya ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo, an buga hoton gyaɗa da dalar buhunanta a jikin ƙarfen kwabo 25. Shekara biyu bayan haka, watau a daminar 1975, cutar da manoma ke kira kuturtar gyaɗa ta afka wa gonakin Arewa, ta lalata kimanin hekta 700,000. An ƙiyasta hasarar ta wuce tan 500,000, abin da kuɗinsa ya kai kimanin dalar Amurka miliyan 250 a wancan lokaci. Daga wannan shekara cinikin fitar da gyaɗa ƙasashen waje bai sake miƙewa ba, dalar da aka san Kano da ita kuwa ta zama labari.

Marubuta da dama sun yi bayanin wannan faɗuwa ta fuskar tattalin arziki, sun ambaci samuwar man fetur, da ƙarancin farashin da hukumar ciniki ke biyan manomi, da farin da aka yi tsakanin 1972 da 1974. Duk waɗannan dalilai ne na gaskiya. Amma akwai wani ɓangare da ba a cika kula da shi ba, shi ne tarihin ita kanta ƙwayar da ake shukawa: inda ta fito, da yadda aka zaɓe ta, da abin da ya sa ta kasa jure wa cutar, da kuma dalilin da ya sa maganin da aka gano tun 1952 bai isa gonar manomin Kano cikin siffar da za ta amfane shi ba sai bayan kusan shekara 50. Wannan maƙala za ta bi tarihin ciniki da tarihin iri tare, domin ɗaya ba ya fahimtuwa sai da ɗaya.

Asalin gyaɗa da sunayenta

Gyaɗa baƙuwa ce a Afirka. Asalinta Amurka ta Kudu ne, a yankin da a yau ya haɗa kudancin Bolibiya da arewa maso yammacin Ajantina, inda mutanen ƙasar suka yi shekaru dubbai suna noma ta. Turawan Fotugal ne suka tsallako da ita daga Barazil zuwa gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 16, daga nan ta bi hanyoyin fatauci ta shiga cikin ƙasa. Da ta iso ƙasar Hausa ta tarar da wata shuka 'yar gida mai irin ɗabi'arta ta yin 'ya'ya a cikin ƙasa, watau gujiya, wadda kuma ake ce wa kwaruru. Harshe ya adana alamar wannan haɗuwa: a karin harshen Kano, gyaɗa daban gujiya daban, amma a Sakkwato da wasu sassan Nijar sunan gujiya ya koma kan baƙuwar, 'yar gida ta tsira da sunan kwaruru. Ɗaukar sunan tsohon abu a laƙaba wa sabo mai kama da shi al'ada ce sananniya a tarihin kalmomin amfanin gona.

Masana tsirrai suna kiranta Arachis hypogaea, kalma ta biyun tana nufin abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Furenta ɗan rawaya yana fitowa a sarari, amma da zarar barbara ta auku sai wani ɗan tsinke ya fito daga gindin furen, ya sunkuya ya huda ƙasa, ƙwanso ya girma a bakinsa. Saboda haka ne ta fi son jigawa mai laushi, irin wadda ta yawaita a ƙasashen Kano da Katsina da Daura da Damagaram da Maraɗi.

Abubuwa biyu cikin halittarta suna da muhimmanci ga abin da zai biyo baya. Na farko, furen gyaɗa yana yi wa kansa barbara tun kafin ya gama buɗewa, don haka 'ya'ya kan fito daidai da uwa, iri ba ya cika gaurayuwa da na maƙwabci kamar yadda gero ko masara ke yi. Na biyu, binciken ƙwayoyin gado ya tabbatar da cewa gyaɗar noma ta samu ne daga auren wasu gyaɗun daji biyu, Arachis duranensis da Arachis ipaensis, kowace mai zaren gado 20, aka sami 'ya mai zare 40. Wannan ninkuwa ta raba ta da danginta na daji, domin aure tsakaninsu ya zama da wuya. Ma'anar wannan ita ce duk gyaɗar da ake nomawa a duniya ta fito daga tushe ƙanƙane, kuma halayen jure wa cuta da ke cikin danginta na daji, masu yawan jinsi kusan 80, ba su shigo cikinta da yawa ba.

Duk da haka, hannun manoma ya raba ta gida biyu manya. Akwai mai nauyi, wadda yawancinta mai yaɗo ce, takan kwana 120 zuwa 150 kafin ta nuna, ƙwayarta kuma ba ta tsirowa nan da nan bayan an cire ta. Akwai kuma mai sauri, wadda ke tashi tsaye, takan nuna cikin kwana 90 zuwa 110, ƙwayarta kuwa tana iya tsirowa tun tana cikin ƙasa idan ruwa ya same ta bayan ta nuna.

Shekarar 1912: manomi ya zaɓi gyaɗa

Kafin zuwan Turawa gyaɗa abar cimaka ce a gida. Mata na soya ta, suna matse mai, suna yin ƙuliƙuli da tunkuzarta, ana dama kununta, harawarta kuma abincin dabbobi ce da rani. Ba a ɗauke ta hajar fatauci mai nisa kamar goro ko baƙin yadi ko ƙirgi ba.

Turawan mulkin mallaka ma ba ita suka sa wa ido ba. Auduga suke nema domin masaƙun Lankasha, kuma ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Ingila, wadda aka kafa a 1902, tana cikin masu matsa lamba a shimfiɗa dogo zuwa Kano. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi domin jigilar kaya a 1912. Sai dai lissafin bai fita yadda aka zata ba. Masaƙan gida suna sayen auduga da tsada fiye da farashin da Turawa suka yanka, saboda haka manomi bai ga dalilin kai musu ita ba. A daidai wannan lokaci kuma masana'antun Turai sun koyi daskarar da man tsirrai su yi man shafa wa burodi da shi, bukatarsu ga gyaɗa ta ƙaru, farashinta ya hau.

Masanin tarihin tattalin arziki Jan Hogendorn, a littafinsa na 1978 kan asalin cinikin gyaɗar Nijeriya, ya nuna cewa fataken Hausa ne suka sadar da wannan labari ga ƙauyuka. Su ne masu jari da yara da sanin hanya tun daga fataucin goro na Gwanja, sai suka karɓi kuɗi daga kamfanonin Turawa, suka baza yaransu karkara suna ba da bashi, suna alkawarin saye da kaka. Manomi ya auna ya ga gyaɗa ta fi masa: tana son ƙasarsa, tana shiga tsakanin gero da dawa, tana biyan haraji, in kuwa shekara ta ɓaci ana iya cinta, abin da ba a yi da auduga. A 1913 gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta kai kimanin tan 19,000, alhali a shekarar da ta gabata ba ta kai tan 3,000 ba. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta dakushe abin na ɗan lokaci, amma bai tsaya ba.

Cikin fataken da suka shahara a wannan ciniki akwai Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, sa'an nan Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya fara saya wa kamfanin Neja gyaɗa a 1918, ya rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Shi ake danganta wa dabarar jera buhuna a yi dala. Dalilin dalar kuwa shi ne jirgin ƙasa ba ya iya kwashe amfanin kaka ɗaya cikin 'yan watanni, sai a tara buhu har 15,000 a dala guda, a rufe da tamfol, busasshiyar iskar Kano ta tsare shi har layi ya zo kansa.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta karɓe sayen gyaɗa. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta Nijeriya, a 1954 aikin ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Hukumar ke yanka farashi, ta sayar a waje, rarar ta shiga ayyukan gwamnati. A Nijar ma an kafa kamfanin gwamnati mai suna SONARA a 1962 domin wannan aiki. A kakar 1966 zuwa 1967 gyaɗar da aka saya a Arewa ta wuce tan miliyan 1, kuma a waɗannan shekaru babu ƙasar da ta fi Nijeriya fitar da gyaɗa a duniya. Abin lura a nan shi ne wannan gini duka ya tsaya a kan irin da manomi ke ɗebewa daga rumbunsa kowace shekara.

Ka'idojin gyaran iri

Hausawa sun daɗe da sanin gado. Sukan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, sukan kuma ce albasa ba ta yi halin ruwa ba idan ɗa ya saɓa wa iyayensa. Karin maganar farko ta kama cewa hali yana bin jini, ta biyu ta kama cewa wani lokaci ba ya bi. Abin da ilmin zamani ya ƙara shi ne lissafin da ya haɗa maganganun biyu.

Wani malamin coci mai suna Giregori Mendel, a birnin Burno na ƙasar Cek ta yau, ya yi shekara takwas, daga 1856 zuwa 1863, yana haɗa auren wake iri-iri yana ƙidaya 'ya'yansu. Ya buga sakamakon a 1866, ba a kula da shi ba sai a 1900. Ya gano cewa kowane hali yana da ƙwayoyin gado biyu a jikin shuka, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma wata ƙwaya mai rinjaye ce, wata mai ɓuya. Hali mai ɓuya ba ya bayyana sai shuka ta gaji ƙwayarsa ta ɓangarori biyun. Idan aka aurar da mai hali mai rinjaye da mai hali mai ɓuya, 'ya'yan farko duk za su ɗauko mai rinjaye, amma a jikoki mai ɓuyan zai sake fitowa a ɗaya cikin huɗu.

A 1903 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Wilhelm Johannsen, ya ƙara ka'ida ta biyu. Ya nuna cewa a shukar da ke yi wa kanta barbara, irin da manomi ke riƙe da shi tarin zuriyoyi ne daban-daban a gauraye. Ana iya ware zuriya mafi kyau a yaɗa ta ita kaɗai, amma da zarar an ware ta, ƙara zaɓe a cikinta ba ya ƙara kome, domin bambancin da ya rage na taki ne da ruwa, ba na gado ba. Wannan ya raba aikin mai gyaran iri gida biyu. Hanya ta farko ita ce zaɓe, watau tsamo mafi kyau daga abin da ke akwai. Hanya ta biyu ita ce aure, watau haɗa iri biyu domin a tara halayensu a shuka ɗaya, idan halin da ake nema babu shi a cikin irin da ke hannu.

Auren gyaɗa aikin haƙuri ne. Da yamma ma'aikaci zai buɗe furen da bai buɗe ba da ɗan hantsaki, ya cire sassan namiji, washegari da sassafe ya ɗauko garin furen uba ya shafa. Kowane fure ƙwanso ɗaya yake bayarwa, mai ƙwaya biyu galibi. Bayan haka sai a bar zuriyar ta riƙa yi wa kanta barbara, kowane zubi yana rage gauraye da rabi, har a zubi na shida abin da ya rage bai wuce kashi 3 cikin 100 ba, iri ya zauna. Sa'an nan a gwada shi shekaru a wurare daban-daban, a yi masa rajista, a yaɗa shi. A inda ake shuka sau ɗaya a shekara, wannan tafiya takan ci shekara 10 ko fiye.

A Samaru ta Zariya, inda sashen aikin gona na Arewa ya kafa cibiyarsa a 1922, wadda ta zama cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, aikin farko a kan gyaɗa ya bi hanyar zaɓe. Irin da aka sani da Samaru 38 yana cikin waɗanda aka tsamo daga gyaɗar manoma ta wannan hanya. Abin da aka fi nema a lokacin shi ne yawan amfani da yawan mai da kyan ƙwaya, domin su kasuwar Turai ke biya.

Kuturtar gyaɗa

Cutar ba sabuwa ba ce. An fara rubuta labarinta a 1907 a Tanganyika, kuma a nahiyar Afirka kaɗai ake samunta, abin da ya sa masana ke ganin daga wata shukar daji ta Afirka ta tsallako kan baƙuwar. Shukar da ta kamu takan tsuke ta dunƙule, ganyenta ya ƙanƙance ya murɗe, wani ya koma rawaya, wani ya yi kore mai duhu. In ta kamu tun tana ƙarama ba ta yin ƙwanso sam.

A 1928 aka tabbatar cewa darɓa ce ke yaɗa ta, watau ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye da ke addabar wake. Daga baya aka gano cewa abubuwa uku ne ke haɗuwa su haddasa ta: ƙwayar bairos ɗaya mai yaɗuwa cikin jikin shuka, da wani ɗan guntun gado da ke raɓe da ita wanda shi ke jawo alamomin cutar, da wata bairos ta biyu mai ba su rigar da darɓa ke iya ɗauka. Cutar ba ta bin ƙwaya, saboda haka kowace damina darɓa ce ke kawo ta sabuwa.

An kuma san dabarar rage ta. Binciken da J. A'Brook ya yi a Mokwa, aka buga a 1964, ya nuna cewa shuka da wuri da kuma cika gona da shuka kusa-kusa suna rage kamuwa ƙwarai, domin darɓa mai tashi ta fi sauka inda take hango ƙasa tsakanin ganye. Sai dai shawarar ta ci karo da halin da manomi ke ciki. Da ruwan farko gero yake shukawa, domin shi ne abincin gida, gyaɗa sai ta biyo baya. Irin gyaɗa kuma yana da tsada, buhu guda da aka shuka bai cika mayar da fiye da takwas ko goma ba, don haka mai ƙaramin ƙarfi yakan tazarce shukarsa.

Farin 1972 zuwa 1974 ya tsananta duka biyun. Rumbuna sun ƙare, mutane sun ci irinsu, damina ta gajarce. Waɗanda suka sami iri sun karkata ga mai sauri, musamman wanda aka kawo daga Senegal mai lamba 55-437, da manoma suka laƙaba wa 'Yar Dakar, mai nuna cikin kwana 90 da jure wa fari. Amma ba ta jure wa kuturta, kamar yadda tsofaffin irin gida ma ba su jure mata. Da darɓa ta yi yawa a daminar 1975 ba ta sami abin da ya tare ta ba, daga ƙasar Kano har Damagaram da Maraɗi, inda noman gyaɗar Nijar shi ma ya durƙushe a wannan shekara. Annobar ta sake dawowa Arewa a 1983 da 1985 da 1988. Manoma da yawa a arewacin Kano da Katsina suka bar gyaɗa suka koma wake da gero, nomanta ya gangara kudu inda ruwa ya fi yawa. Wadda ta ragu masana'antun mai na gida da mata masu ƙuliƙuli suka shanye ta. A 1986 gwamnati ta rushe hukumomin cinikin amfanin gona baki ɗaya.

Daga Bambey zuwa Samaru

A 1952 kuturta ta afka wa gonar gwaji ta cibiyar binciken Faransawa da ke Bambey a Senegal, inda aka tara gyaɗa iri-iri daga ƙasashe da dama. Kusan duka suka lalace, sai wasu 'yan layuka da suka tsaya da ƙafarsu. Da aka duba asalinsu sai aka ga daga gonakin manoman kan iyakar Burkina Faso, wadda ake kira Volta ta Sama a lokacin, da Kwaddibuwa aka karɓo su. Manoman wannan yanki, da suka daɗe suna zama da cutar, sun riƙa ajiye ƙwayar shukar da ta tsira, har suka tara halin juriya ba tare da sun san sunan Mendel ba.

A 1960 masani de Berchoux ya bayyana yadda ake gadon wannan hali: ƙwayoyin gado biyu ne masu zaman kansu, kuma dukansu masu ɓuya. Lissafin Mendel ya nuna nauyin wannan. Idan aka aurar da mai juriya da marar juriya, 'ya'yan farko duk cutar za ta kama su. A jikoki, ɗaya cikin huɗu ne zai gaji ƙwaya ta farko ta ɓangarori biyu, ɗaya cikin huɗu kuma ta biyu, watau shuka 1 cikin 16 ce za ta haɗa duka. Cikin waɗannan 'yan kaɗan ne kuma za a nemi mai saurin nuna, mai yawan amfani, mai mai, mai launin da kasuwa ke so, alhali saurin nuna da yawan amfani halaye ne da ƙwayoyin gado masu yawa ke riƙe da su.

Ga kuma matsala ta biyu. Gyaɗun da suka tsira a Bambey duk daga gidan masu nauyi suke. Irin da aka fara fitarwa daga gare su, kamar RMP 12 da RMP 91 na Burkina Faso, waɗanda daga baya aka yi wa rajista a Nijeriya da sunan SAMNUT 10 da SAMNUT 11, suna bukatar fiye da kwana 130. Sun dace da ƙasar Zazzau da kudancinta, amma a Kano da Daura da Gumel, inda damina bayan fari ba ta cika kai wata huɗu ba, ruwa zai ɗauke kafin su nuna. Manomin arewa ya tsinci kansa tsakanin iri mai jure wa cuta da fari zai kashe, da iri mai tsere wa fari da cuta za ta kashe.

Matsala ta uku ta shafi gwaji. Kuturta ba kowace shekara take zuwa da ƙarfi ba, kuma a shekarar da ba ta zo ba mai zaɓe ba zai iya bambance mai juriya da wadda ta yi sa'a ba. An warware wannan a Malawi cikin shekarun 1980, a tashar cibiyar ICRISAT, wadda aka kafa a Indiya a 1972 domin amfanin gonar ƙasashe masu ƙarancin ruwa. Dabarar ita ce a rena shuka mai cuta da darɓa a ɗaki, a dasa ta layi-layi tsakanin waɗanda ake gwadawa, ta yadda kusan kowace shuka marar juriya sai ta kamu. Da wannan dabara masu bincike na Samaru, tare da na ICRISAT da ta buɗe tasha a Kano a 1988, suka iya tace dubban zuriyoyi kowace damina.

A 2001 aka fitar da SAMNUT 21 da 22 da 23, na ƙarshen yana cikin masu saurin nuna. A 2011 aka fitar da SAMNUT 24, mai jure wa kuturta, mai nuna cikin kwana 90 ko ƙasa da haka, a 2013 kuma SAMNUT 25 da 26 suka biyo baya. Daga gonar Bambey zuwa irin da ya haɗa juriya da saurin 'Yar Dakar, shekara 59 ke nan. Juriyar kuwa ba kariya ce cikakkiya ba, domin tana tare bairos ta farko da ɗan raɓenta ne, ba ta tare mai ba su riga. Don haka aka nemi wata hanya ta daban, watau irin da ita darɓar ba ta jin daɗin zama a kansa, kamar ICG 12991, wanda asalinsa gyaɗar manoman Indiya ce, aka kuma yaɗa shi a Malawi da Yuganda.

Kammalawa

Nijeriya har yanzu tana cikin manyan ƙasashen duniya masu noman gyaɗa, bayan Sin da Indiya, sai dai kusan duk abin da ta noma a gida ake cinye shi. Saboda haka rashin dala a Kano ba ya nufin gyaɗa ta ƙare. Dala alama ce ta wani tsarin ciniki, mai saye guda da hanyar jirgi guda da kasuwar waje, kuma wannan tsari ne ya shuɗe.

Tarihin da aka bibiya ya nuna bambancin saurin abubuwa biyu. Fatake da manoma sun kafa cinikin gyaɗa cikin kaka biyu, 1912 da 1913, domin farashi labari ne da ke tafiya da ƙafar mutum. Gyaran iri kuwa yana tafiya da ƙafar damina, zubi ɗaya a shekara, kuma ba a iya fara shi ranar da annoba ta sauka. Ya kuma nuna cewa mai gyaran iri ba ya ƙirƙirar hali, sai dai ya nemo shi inda yake ya matsar da shi, kuma a wannan karon a rumbunan manoman Burkina Faso da na Indiya aka same shi. Duk tsohon irin gida da ya ɓace ya tafi da halayen da ba a riga an gwada ba, da sunayen da manoma suka ba shi. Tattara waɗannan sunaye, da bayanin da tsofaffin manoma ke yi kan kowane iri da ƙasar da yake so da kwanakin nunarsa, aiki ne da masu nazarin harshe da al'ada za su iya yi kafaɗa da kafaɗa da masana aikin gona.

Saura matsalar da ta sa manomin 1975 ya tazarce shukarsa. Gyaɗa ba ta ninka irinta da yawa, ƙwayarta na da nauyin ɗauka, ba ta kuma daɗewa a ajiye ba ta lalace ba, kamfanonin iri kuwa ba su cika sha'awarta ba tun da manomi na iya ajiye nasa ya sake shukawa. Don haka sabon iri yakan daɗe tsakanin Samaru da ƙauye, kuma a gonaki da yawa na ƙasar Hausa 'Yar Dakar da tsofaffin 'yan'uwanta ake shukawa har yau.